Daƙiƙa Bakwai a Hawan Gada

A daminar 1980 garejin Gamaliel da ke ƙarshen Sabon Gari a Keffi ya yi shiru. Ba aiki ne ya ƙare ba, mutane ne suka watse. Tun da aka fara sharar dajin da za a gina sabon babban birnin ƙasa, duk wanda ya iya riƙe sifana ya ɗaure kayansa ya bi kamfanonin gini. Mai walda ya tafi, mai facin taya ya tafi, har mai shayin bakin hanya ya ɗora teburinsa a mota ya bi su. Aka bar Gamaliel da rumfar kwano da ramin duba ƙarƙashin mota da wata tsohuwar bishiyar mangwaro.

Shekarunsa hamsin da takwas. A filin haƙar kuza na Bukuru ya koyi injin gas, ya yi shekara goma sha tara a can kafin aikin kuza ya fara mutuwa ya dawo gida. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Yarsu ɗaya, Filomina, tana aikin jinya a Kaduna, sai da Kirsimeti take zuwa in ta sami hutu. Shi ke dafa abincinsa, shi ke wanke kayansa, kuma wata ranar yakan wuni bai buɗe baki ba sai don amsa gaisuwar mai wucewa.

Wata safiyar Talata Alhaji Mijinyawa, ɗan kasuwa daga Tudun Ƙofa, ya zo da wani abu a cikin buhu. Yana da manyan motoci biyu da ke ɗaukar doya daga ƙauyuka zuwa Jos, kuma tun da ya sayi ta farko Gamaliel ne ke duba masa su. Ya zazzage buhun a kan benci. Wani ƙarfe ne mai nauyi, a nannaɗe kamar ƙaton dodon koɗi.

"Malam Gamaliel, ka san wannan?"

Gamaliel ya sa yatsa ya juya 'yar fankar da ke ciki. "Turbo ne, Alhaji. Hayaƙin injin ke juya fankar wannan gefe, ita kuma ta juya ta wancan gefen, ta danna iska cikin injin. Ya sami iska da yawa, ya ci gas da yawa, sai ƙarfinsa ya ƙaru. A ina ka samo shi?"

"Jikin wata katafila da ta mutu a hanyar Suleja. Ka ga sababbin tireloli yadda suke hawa tudu suna fito kamar ba su ɗauki komai ba? So nake tsohuwar motata ta yi haka. Siminti zan fara kai wa masu ginin nan."

"Ba a ƙera motarka da shi ba, Alhaji."

"Ai shi ya sa na kawo wurinka."

Mako uku aikin ya ci. Gamaliel ya yanka ƙarfe ya haɗa mazaunin da turbon zai zauna a bakin bututun hayaƙi, ya yi waldar da kansa. Ya ja masa siririn bututun baƙin mai, ya ɗan buɗe wa famfon gas baki. Ranar da ya tayar da injin ya ji fiton nan siriri yana tashi, sai da ya yi murmushi, ya waiwaya kamar zai nuna wa wani. Babu kowa sai akuyar maƙwabta.

Lucky, direban Alhaji, ya fita da motar sau ɗaya ya dawo yana girgiza kai. "Oga, ƙarfi akwai shi. Amma motar nan sai ta yi tunani kafin ta tafi. In na taka totur sai ta tsaya tana zubar da baƙin hayaƙi, sai na cire rai sannan ta fizge ni. A kan tudu da kaya, wannan jiran zai iya mayar da mutum baya."

Gamaliel ya san zancen. Turbo ba ya aiki sai hayaƙi ya taru ya juya shi, don haka kowane injin mai turbo yana da ɗan jinkiri. Amma na wannan ya yi yawa, kuma ba zai san ko gyaransa na ci ba sai ya auna jinkirin kafin gyara da bayansa. Ya ciro geji mai allurar auna ƙarfin iska daga wani tsohon injin iska, ya haɗa shi da bututun da ke kai iska cikin injin, ya ɗaure shi da waya kusa da sitiyari. Ya ɗiga jan fenti a kan lamba takwas. Abin da yake so ya sani shi ne daƙiƙa nawa ke tsakanin taka totur da isar allura kan jan fentin.

Aikin na mutum biyu ne, ɗaya na tuƙi, ɗaya na kallon geji da agogo. Lucky kuwa Alhaji ya mayar da shi kan ɗaya motar ya tura shi Jos, don doya ba ta jira.

A da wannan ba abin damuwa ba ne, don akwai Boaz. Shekara goma sha ɗaya Boaz na jan motar Alhaji, kuma duk gyaran da Gamaliel ya yi tare suke fita gwaji, Boaz a sitiyari, shi a gefe yana saurare. Coci ɗaya suke zuwa, kwano ɗaya suke ci in rana ta yi. Sai idon Boaz ya fara dishewa. Ya fara da runtse ido in zai karanta allon hanya, daga baya ya goga motar da ƙarfen wata gada da rana tsaka, da mutum tara a kan kaya. Gamaliel ya yi masa magana sau biyu, Boaz ya ce gajiya ce. Sai Gamaliel ya je Tudun Ƙofa ya gaya wa Alhaji abin da ya gani. Aka karɓi makulli. Boaz ya kwashe iyalinsa ya koma Agwada, garinsu, bai zo gareji sallama ba. Shekara biyu ke nan. Gamaliel ya ji labarin idon ya rufe gaba ɗaya, ya sha shirya tafiya dubiya, kullum sai ya sami wani aikin da zai tsare shi.

Ya sa aka loda wa motar yashi a bakin rafi don ta yi nauyi, ya fita shi kaɗai. Akwai wata gada a hanyar Akwanga da doguwar hawa a bayanta, nan suka saba gwaji. Ya sauko kan gadar a giya ta huɗu, ya taka totur har ƙasa, ya dubi agogon hannunsa, ya dubi geji, ya sake duban agogo. Da ya ɗago kai sai ga motar ta ci rabin gefen hanya, ga mata uku da itace a ka sun watse cikin ciyawa, ɗaya ta yar da nata. Ya murɗe sitiyari ya taka birki. Ya sauko ya ba su haƙuri, ya taya mai itacen ɗaurewa. Babbar cikinsu ta dube shi ta ce, "Baba, ba ka da wanda zai raka ka ne?"

A gida ya tuna da rikodar da Filomina ta kawo masa bara, da kaset ɗin waƙoƙin coci da wani guda wanda babu komai a kai. Ta ce ya riƙa ɗaukar muryarsa yana aika mata. Bai taɓa yi ba, don bai san me mutum zai ce wa akwati ba. Washegari ya sa mata sababbin batura, ya ɗaure ta a kujerar gefe da igiyar roba. In ya taka totur sai ya ce da ƙarfi, "Na taka!" Idonsa na kan hanya, gejin na gefen ganinsa. In allura ta hau jan fenti sai ya ce, "Ta kai!" Sau biyar ya hau tudun ya sauko.

Da azahar ya zauna gindin mangwaro, ya cire agogo ya ɗora a gwiwa, ya kunna kaset. Na farko daƙiƙa bakwai. Na biyu bakwai. Ya rubuta da alli a jikin ƙofar motar. Yana jiran na uku sai ya ji wata murya cikin ƙarar injin, a hankali, irin ta mai hira.

"Ka ji ta, Boaz? Kamar tsohon jaki."

Daga nan shiru, sai injin. Can kuma muryar ta ce, "To, ai na sani. Bari mu sake."

Gamaliel ya danna maɓalli ya tsayar da kaset. Muryarsa ce, amma bai tuna ya faɗi ko ɗaya ba. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne shirun da ke tsakani, daidai tsawon da mutum zai yi ya ba da amsa. Ya daɗe zaune da alli a hannu. Ruwa ya fara yayyafi, ya tashi ya shigar da rikodar cikin rumfa.

Kwana shida ya yi yana fama. Ya rage tsawon bututun iska, ya canja tiyo, ya matse kowane kilif, ya taɓa famfon gas ya mayar. Duk gyaran da ya yi sai ya koma gada ya hau tudu, yana ɗauka a ɗaya gefen kaset ɗin, yana kiyaye bakinsa. Allin jikin ƙofa bai canja ba, bakwai, bakwai, wata rana takwas. Ranar Asabar Alhaji Mijinyawa ya biyo ta garejin, ya tsaya yana kallon rubutun.

"Malam Gamaliel, in abin bai karɓa ba a cire shi kawai. Ba laifinka ba ne."

"Ka ba ni zuwa Alhamis, Alhaji."

Ranar Lahadi ana tashi daga coci bai koma gida canja kaya ba. Ya ɗauki rikodar da ya ajiye wurin mai gadin cocin, ya shiga motar Agwada. Hanyar ta lalace da ruwa, sai wajen ƙarfe biyu suka isa. Ya tambayi gidan, aka nuna masa wani mai dangar kara a bayan kasuwa.

Magdalena, matar Boaz, tana feren rogo a tsakar gida. Da ta gan shi wuƙar ta tsaya a hannunta. "Baban Filomina! Kai ne?" Ta juya wajen rumfa, inda wani mutum ke zaune a kan turmi yana tufka igiya. Ya rame, gashinsa ya yi fari, idanun a buɗe amma ba su kan kowa.

"Na ji warin baƙin mai tun daga ƙofa," in ji Boaz. "Ko kayan coci ka sa ba ya barin ka. Ba shi kujera, Magdalena."

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda babu komai a cikinta. Ya gida, ya damina, ya Filomina, ya Ezra ɗan Boaz da ke Jos. Boaz ya ci gaba da tufkarsa. Magdalena ta kawo ruwa ta koma kan rogonta, amma kunnenta na wurinsu.

"Na sa wa motar Alhaji turbo," Gamaliel ya ce daga ƙarshe. "Tana jinkiri, na rasa dalili. Na ɗauko kukanta a kaset."

"Shi ya kawo ka?"

Gamaliel ya dubi ƙasa. "Shi ya ba ni ƙafar zuwa."

Boaz ya ajiye igiyar. "Kunna."

Ƙarar injin ta cika tsakar gidan, kaji suka watse. Boaz ya karkata kai gefe guda, yatsunsa a kan gwiwa suna motsi kamar yana riƙe da sandar giya. Gamaliel ya yi niyyar tsayar da kaset bayan hawa na biyu, amma yana kallon fuskar abokinsa ya shagala. Sai muryar ta fito, "Ka ji ta, Boaz? Kamar tsohon jaki." Magdalena ta ɗago kai. Boaz bai motsa ba.

"Mayar da shi baya," ya ce. "Daidai inda ka taka."

Sau uku aka mayar. A na uku Boaz ya ɗaga yatsa. "Kuka biyu nake ji. Ɗaya fiton abinka ne, yana tashi sumul. Ɗayan kuma ƙarami ne, tsit tsit tsit, yana bin bugun injin. Hayaƙi na gudu ta wani wuri kafin ya kai ga fankarka."

"Na duba waldar duka. Babu tsaga."

"Da sanyi ka duba ko da zafi?"

Da sanyi Gamaliel ya duba, kullum da safe kafin ya tayar da injin.

Litinin ya bar injin ya yi zafi sosai, ya kwanta a kan mudugadi, ƙarfen saman taya, da guntun madubi ɗaure a sanda. A ƙarƙashin mazaunin da ya haɗa da hannunsa, inda ido ba ya kaiwa, ya ga wani siririn layin baƙin toka. In ƙarfen ya huce tsagar sai ta rufe, in ya yi zafi ta buɗe. Ya kwance komai ya sake walda, ya ƙara masa ƙarfe ta baya. Laraba da safe, maimakon ya nufi gada, sai ya juya motar da yashinta ya kama hanyar Agwada.

Magdalena ba ta so ba. "Shekara biyu bai shiga babbar mota ba, Baban Filomina." Amma Boaz ya riga ya sa takalmi. A bakin motar ya ture hannun da aka miƙa masa, ya laluba ya sami mariƙin ƙofa, ya taka ya hau kamar jiya ya sauka. Ya shafa gaban motar, ya shafa kujerar. "Har yanzu ba a ɗinke yagewar nan ba."

Da suka kusa gada Gamaliel ya miƙa hannu zai kunna rikoda. Boaz ya ji motsin ya ce, "Bar akwatin nan. Ni zan ƙirga. Kai dai ka ce ka taka."

"Ba ka ganin allurar."

"Kai ka dube ta, ka gaya mini in na yi ƙarya."

Tayoyi suka hau gada. "Na taka!" Boaz ya fara ƙirga a fili, a natse, yana buga gwiwa da tafin hannu. Ɗaya. Biyu. Uku. Fiton ya tashi, motar ta matsa bayansu da kujera. "Huɗu. Ta kai!" Daidai lokacin allura ta hau jan fenti. Gamaliel ya leƙa madubi, hayaƙin ya koma toka-toka, ba baƙin nan ba. Suka sake sau uku, huɗu ne kowane hawa, sau ɗaya ma bai cika ba. Boaz na dariya har da tari.

A saman tudun Gamaliel ya faka a gefe, ya bar injin na aiki a hankali don turbon ya huce. Gonakin dawa sun yi kore har iyakar gani. Ya ce, "Akwai filin ƙwallo a gaba, babu kowa yanzu. In kana so ka riƙe sitiyari, ina gefenka."

Boaz ya girgiza kai. "A'a. Wannan ya wuce." Ya ɗora tafin hannu a gaban motar. "Gaskiya ka faɗa wa Alhaji. Ranar da na goga waccan gadar ban ga ƙarfen ba sam. Na san haka tun a lokacin. Abin da ya ci mini rai, daga bakinsa na ji, a gaban mutane a ƙofar gidansa."

"Na gaya maka sau biyu, ɗan'uwa."

"Da ka gaya mini na uku."

"Da ka ji?"

Boaz ya yi tunani da gaske kafin ya amsa. "Ban sani ba. Wataƙila a'a." Ya juyo da fuskarsa wajen muryar Gamaliel, ya ɗan kauce kaɗan. "Amma shekara biyun nan, ba ni na hana ka zuwa ba."

"Na sani."

Gamaliel ya sa giya, ya mayar da shi gida kafin hadarin da ke haɗuwa a gabas ya sauko.

Alhamis Alhaji Mijinyawa ya zo da Lucky suka karɓi motar. Gamaliel ya yi wa Lucky bayani, kada ya bari injin ya yi sanyin gudu a gindin tudu, ya rage giya da wuri, kada ya kashe shi nan take bayan doguwar tafiya. Lucky na cewa to, to, idonsa na kan hanya. Aka zubar da yashin a bakin garejin, motar ta tafi ɗaukar siminti. Tun daga nan can take kwana, wajen masu gini, kuma makanikan can ke duba ta.

Gamaliel ya je Agwada Lahadi biyu a jere. Sukan zauna a rumfa, Boaz na tufka, shi yana ba shi labarin wanda ya tafi da wanda ya mutu a Sabon Gari. Lahadi ta uku zazzaɓi ya kwantar da shi, ta huɗu ruwa ya cinye hanya. Da ya je a ta biyar ya tarar da ƙofar dangar a ɗaure da waya.

Wata maƙwabciya mai goyo ta fito. "Kai ne baƙon Keffi? Ezra ya zo da mota ranar Talata ya kwashe su zuwa Jos. Ya ce akwai likitan ido, kuma ba zai bar su su kaɗai a nan ba. Baba ya so a biya ta wurinka, direban ya ce rana ta yi."

"Sun ce yaushe za su dawo?"

"Sun sayar da awakin," in ji ta. Ta shiga ɗaki ta fito da sabuwar doya guda uku, an ɗaure su tam. "Baba ya ce in ka zo in ba ka. Ta farkon gonarsu ce."

Ya karɓa ya yi godiya. Ya koma bakin kasuwa ya zauna a kan wani benci yana jiran mota, doyar a tsakanin ƙafafunsa. Ranar ba ta kasuwa ba ce, rumfuna duk babu kowa. Sai bayan la'asar wata a-kori-kura ta zo, ya sami wuri a baya tare da buhunan gawayi. Da ya isa Keffi ya ba matar mai gadin coci doya biyu, don ba zai iya cinye uku shi kaɗai kafin su lalace ba. Ɗayar ya fere rabi ya dafa da manja da ɗan barkono, ya ci a bakin ƙofa tun da sauran haske.